Me ya sa rufin kitosan yake saɓulewa daga ƙarfen ɗorin ƙashi?

Rabi'atu, Aboabo (Kumasi)

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aikin kammala digirina a kan ƙarfen da likitoci ke ɗaure karaya da shi ne. Ana so in rufe shi da kitosan, sinadarin nan da ake cirowa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, a ga ko zai hana ƙwayoyin cuta kama jikin ƙarfen. Ƙarfen 316L ne marar tsatsa, an yanka min shi ƙanana, santimita 1 da 2. Kitosan ɗin daga ɓawon jatan landen Tema na haɗa shi. Ina narka giram 2 cikin mililita 100 na ruwan asetik asid (asid ɗin binega) mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, in tsoma ƙarfen, in shanya. A bushe yana da kyau, har sheƙi yake yi. Amma da zarar na saka shi cikin ruwan gishirin gwaji mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, sai ya kumbura, ya yi fari-fari, ya fara ɗagowa daga gefe har ya saɓule. Ina matsalar take? Kuma kitosan na gida ya isa wannan aiki, ko sai an saya? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bashir, Asawase

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki taɓa komai, ki duba yadda rufin yake lalacewa, don cuta biyu ce ke kama da juna. Idan ya zama kunu-kunu yana narkewa cikin ruwan, asid ne ya rage a jikinsa. Idan kuwa ya ɗago ɗungurungum ya bar ƙarfen fes, bai taɓa kama ƙarfen ba tun farko. Daga bayaninki ina ganin duka biyun ne suka haɗu miki.

Na farko ya fi sauƙin gyara. Kitosan ba ya narkewa sai cikin ruwa mai tsami, ƙasa da pH 6.5 (pH shi ne ma'aunin tsami) ko kusa da haka. Abin da ya bushe a kan ƙarfenki gishirin kitosan da asetik asid ne, kuma wannan gishirin yana shan ruwa ya narke. Dole a kashe tsamin bayan bushewa. Ki haɗa soda mai cin jiki, NaOH, giram 4 cikin lita 1, wato 0.1 M, ki jiƙa ƙarfen minti 15 zuwa 30, sannan ki yi ta ɗauraya da ruwan da aka turara har takardar gwaji ta nuna pH 7. Ya fi kyau a haɗa sodar cikin itanol kashi 70, don giyar tana hana rufin kumbura kafin sodar ta gama aikinta. Ruwan leda ko na famfo ba ya maye gurbin turararren ruwa a nan, gishirin da ke ciki yana zama a kan rufin ya ɓata miki awo.

Na biyu shi ne babban aikin. Fuskar 316L tana da wata siririyar fata ta okzayid ɗin kuromiyom, ita ce ke hana shi tsatsa, amma ba ta da abin da kitosan zai riƙe da ƙarfi. A ƙara da man injin yanka da maiƙon yatsu. Kamar mai fenti ne ya shafa wa ƙofar ƙarfe fenti bai wanke girisi ba. Don haka ki goge ƙarfen da samfefa a jiƙe, lamba 320, sai 600, sai 1200, ki tsaya nan. Kada ki mai da shi madubi, ɗan kaushin nan shi ne hannun da rufi ke kamawa. Ki wanke a injin girgiza ruwa, asiton minti 10, itanol minti 10, turararren ruwa minti 10. Sai ki jiƙa cikin naitirik asid kashi 30 na minti 30 a ɗakin da ke da bututun jan hayaƙi, don a sabunta fatar okzayid ɗin. Gwajin tsafta ba ya cin ko kwabo: ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya. Ya baje, ƙarfen ya wanku. Ya dunƙule, akwai maiƙo, ki koma baya. Daga nan sai da hantsaki za ki riƙa ɗaukarsa.

Ko da wannan, riƙon zai kasance na jingina ne kawai, shi ya sa ake sa gada tsakanin ƙarfe da kitosan. Wadda ta fi sauƙi ita ce ta dopamin: miligiram 2 a kowace mililita ta ruwan Tris (ruwan daidaita tsami) 10 mM mai pH 8.5, a bar ƙarfen ciki a buɗe, iska tana shiga, har awa 24. Ruwan zai koma baƙi-baƙi, ƙarfen ya yi launin ƙasa. Fatar da ke zama ba ta wuce kimanin nanomita 50, amma tana kama ƙarfe ta ƙasa, tana kama ƙungiyoyin amin na kitosan ta sama. An buga wannan hanya a 2007, daga nazarin yadda wasu halittun teku masu ɓawo (mussels) ke manne wa dutse cikin ruwa. Ɗaya hanyar ita ce sinadarin silen mai suna APTES, a bi shi da gulutaraldihaid mai ɗaure shi da kitosan. Tana riƙo sosai, amma tana son kulawa sosai da sinadarin narkarwa marar ruwa a ciki, kuma ragowar gulutaraldihaid guba ce ga ƙwayoyin jiki. Za ki ga ana jiƙa titaniyom cikin NaOH 5 M a digiri 60 na awa 24. Wannan na titaniyom ne, kada ki ɗauko shi ki yi wa 316L.

Giram 2 ma ya yi kauri. Rufi mai kauri yana tsukewa idan yana bushewa, ya ja kansa daga gefuna, shi ya sa ɗagowar take farawa daga can. Ki sauko zuwa kashi 1 ko rabin haka, ki tace, ki bar kumfa ta fita, ki zaro ƙarfen a hankali da gudu ɗaya, ki yi siraran hawa uku maimakon kakkaura ɗaya. Ki kankare kaifin gefuna kafin ki fara. A shanya a inuwa cikin rufaffen faranti, ba a rana ba, ba a tanda ba. Da damina danshin Kumasi ba zai bar shi ya bushe sosai ba sai kin sa shi cikin tukunyar gilashi mai silika, da hunturu kuma saurin bushewa ne zai tsattsaga shi.

Ki auna riƙon, kada ki dogara da ido. A tsaga rufin da reza, layi 11 a tsaye da 11 a kwance, tazarar milimita 1, a manna salatif a fizge, a ƙirga akwatunan da suka tashi. Ƙa'idar ASTM D3359 ke nan, 5B babu abin da ya tashi, 0B fiye da kashi 65 ya tafi. Ki yi a bushe, ki sake yi bayan ya kwana cikin ruwan gishirin. Na jiƙen shi ne mai faɗin gaskiya.

Malam Sulley, Nima (Accra)

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Inda zan saɓa masa shi ne tsomawa. A kan shafaffen ƙarfe ƙarami tana aiki, amma farantin ɗori na gaske yana da ramukan sukuru, sukurun kuma yana da zare. Ruwa mai kauri yana taruwa cikin rami ya bar tudu tsirara. Abin da ke bin kowane lungu shi ne a ja kitosan da wutar lantarki.

Cikin ruwan tsami kitosan yana ɗauke da cajin fozitif, saboda haka yana tafiya wajen ƙarfen da aka ɗaura wa wayar nagetif. A can wutar tana fasa ruwa, tsami ya ragu a fuskar ƙarfen, kitosan ya rasa cajinsa ya daskare a wurin. Ana amfani da ruwa tsinkakke, giram 0.5 zuwa 1 a lita, ba giram 20 irin naki ba. Ƙarfenki a nagetif, wani faranti na 316L a fozitif, tazara santimita 1, suna fuskantar juna daidai. Ki fara da bolt 10 zuwa 20 na wutar DC, minti 3 zuwa 5, ki riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Abin da ke ɓata wannan hanya kumfar haidurojin ce. Inda kumfa ta zauna nan rami ke fitowa, kuma idan kika haska fitila a karkace za ki ga rufin ya yi ƙuraje. Maganinta a rage ruwa: kusan kashi 80 itanol, 20 ruwa, da ɗan asid. Ki narka kitosan cikin ruwa da asid ɗin tukuna, sannan ki zuba itanol sannu a hankali kina motsawa, in ba haka ba ya guntse. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, ki jefar da wannan samfurin, don rufin da bai gama zama ba yana fara narkewa cikin tsamin nan take.

Masu son aljinet, na ciyawar teku, su lura shi cajinsa akasin haka ne, a fozitif yake zama, kuma nan ne wuta ke cin ƙarfe. A kan 316L wannan na iya sakin nikel, wanda ya kai kashi 10 zuwa 15 na ƙarfen. Magnisiyom kuma labarinsa daban: ruwan tsamin kitosan ɗin kansa yana cin sa, kuma giram 1 na magnisiyom idan ya narke yana fitar da haidurojin kusan lita 1. Sai an fara yi masa fatar kariya kafin a kai shi kusa da asid.

Hajiya Zuwera, Sabon Zango (Accra)

'Yata, ni tambayarki ta biyu zan amsa, don ita ce ta fi damuna. Kitosan na gida ya isa koyon rufi da gwajin riƙo da na tsatsa. Bai isa a kai shi kusa da dabba ba, balle mutum, kuma ko a gwajin ƙwayoyin jiki yana iya ruɗe ki. Ki sayi ɗan kaɗan mai takardar shaida, ki riƙa gwada su kafaɗa da kafaɗa.

Ga abin da za ki bincika a naki. Ɓawo yana da alli, furotin da kaitin, wanda daga gare shi ake yin kitosan. Ana cire alli da HCl 1 M a ɗumin ɗaki har kumfa ta daina tashi. Idan bai fita duka ba, toka za ta yi yawa in an ƙona samfurin, kuma ana son ta ƙasa da kashi 1. Ana cire furotin da NaOH 1 M a wajen digiri 80. Ragowarsa ita ce haɗarin masu borin jini da jatan lande, don furotin ɗin ne ke tayar musu, ba kitosan ba. Sai a dafa kaitin cikin NaOH kashi 40 zuwa 50 a digiri 100 zuwa 120 na 'yan awanni don a cire ƙungiyoyin asetil, ya zama kitosan. Yawan abin da aka cire shi ne ke mulkin komai: ƙasa da rabi ba ya narkewa, wajen kashi 75 zuwa 90 ake so. Wanda aka cire wa kaɗan, lasozayim, wani sinadarin jiki mai narka shi, yana cinye shi da wuri. Dahuwa biyu gajeru da wanki a tsakani sun fi guda ɗaya doguwa, wadda ke karya sarƙar. Ki auna yawan abin da aka cire da na'urar FTIR ko gwajin taitireshan, ki rubuta adadin kowane kashi da kika dafa, kada ki gauraya kashi biyu a gwaji ɗaya.

Abin da ido ba ya gani shi ne gubar ɓawon bakteriya, endotoksin. Ɓawon da ya kwana a bakin ruwa cike yake da ita, kitosan kuma yana riƙe ta saboda cajinsa. Tukunyar turara kayan tiyata tana kashe ƙwayar amma ba ta kashe gubar. Gilashi ana gasa shi a busasshen zafi digiri 250 na minti 30, rufinki kuwa ba zai ɗauki wannan ba. Iyakar da aka sa wa kayan da ke shiga jiki ita ce 20 EU (ma'aunin wannan guba) a kowane guda.

Wajen gwada kisan ƙwayoyin cuta a nan ɗalibai ke ruɗuwa. Rufin da ba a kashe wa tsami ba yana yin kyakkyawar da'ira marar ƙwayoyin cuta kewaye da shi a farantin agar da ake shuka su, a yi murna, alhali asid ne ya yi kisan. Wanda aka wanke daidai ba ya yin da'ira ko kaɗan, don ba ya tsiyaya daga ƙarfen. A pH 7.4 na jini kuma yawancin cajinsa ya tafi, ƙarfinsa a kan ƙwayoyi ya ragu ƙwarai. Hanyar da ta dace ita ce a zuba ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, irin ATCC 25923, a kan ƙarfe mai rufi da marar rufi, a bari awa 24, a ɗauraye a hankali, a girgiza cikin injin don waɗanda suka manne su sauka, a shuka a ƙirga. A ganina amfanin kitosan na gaske shi ne ya riƙe maganin kashe ƙwayoyin cuta irin jentamaisin ko bankomaisin ya sake shi a wurin. Nan ma yawanci yana fita a awannin farko. In kina son ya daɗe, ki ɗaure sarƙoƙin kitosan da jenifin, wanda ake samu daga 'ya'yan itacen gadeniya. Yana mai da rufin shuɗi, kuma gubarsa ba ta kama ƙafar ta gulutaraldihaid ba.

Sannan tsarkakewa, wato kashe ƙwayoyin cuta a jikin ƙarfen kafin a yi aiki da shi. Tururi a digiri 121 yana kumbura rufin ya dafa shi. Hasken nukiliya mai suna gamma a 25 kGy yana shiga ko'ina amma yana gutsura sarƙar kitosan. Akwai na'urar kobalt 60 a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana da ke Kwabenya, ki nemi a haska miki wasu samfura. Duk gwajin riƙo da na guba ki yi shi bayan tsarkakewa, don abin da zai shiga jiki ke nan. A ƙa'idar ISO 10993-5, idan ƙwayoyin jikin ɓera na gwaji, L929, da suka rayu sun gaza kashi 70, abin ya faɗi.

Rabi'atu, Aboabo (Kumasi)

Na gode Mama Hajiya, na gode Injiniya da Malam. Lallai ban kashe tsamin ba, zan fara daga nan. Wani abu kuma: an ba ni shawarar in gauraya jelatin don ƙwayoyin ƙashi su fi kamawa, amma an ce min yawanci daga alade ake yin sa. Akwai mafita?

Dakta Mumuni, Tafo (Kumasi)

Kafin a amsa miki wannan, ƙanwata, ki ji abin da ƙarfen zai gamu da shi a ɗakin tiyata, don ya kamata ya canza gwaje-gwajenki. Faranti ba ya shiga yadda aka ƙera shi. Ana lanƙwasa shi da ƙarafunan lanƙwasa har ya bi siffar ƙashi, a riƙe shi da hantsaki mai haƙora, a ɗaure sukuru a kansa da ƙarfi. Ƙusar da ke shiga cikin ɓargo guduma ake sa mata. Rufin da ya ci 5B a kan tebur yana iya tsagewa a lanƙwasar farko, ko ya tattare a bakin ramin sukuru. Ki lanƙwasa samfurinki a kan sanda ki duba bayan gwiwar da gilashin ƙara girma. Ki je mahauta ta Kaase ki sayi ɗanyen ƙashin ƙaurin sa, ki huda da diril, ki ɗaura sukuru mai rufi, ki kwance, ki auna nauyinsa kafin da bayan. Abin da ya rage a kan zaren shi ne abin da zai rage a jikin majinyaci. Don ki san nisan tafiyar, rufin haidiroksi'afatait, ma'adinin ƙashi, da ake fesa wa ƙarfen ƙugu ƙa'idar ISO 13779-2 tana neman ya jure fizgar 15 MPa.

Ki kuma yanke shawarar abin da kike nema. Ƙarfen ƙugu na dindindin ana son ƙashi ya kama shi. Farantin karaya sau da yawa ana ciro shi bayan ƙashi ya warke, kuma wanda ƙashi ya rufe wahalar cirewa gare shi. Tunda 316L gare ki, kariyar kwanakin farko ita ce abin nema, ba kamun ƙashi ba. Inda ake buƙatarta a nan shi ne karayar ƙauri mai buɗaɗɗen rauni, ta haɗarin babur da pragya (babur mai ƙafa uku), musamman wanda ya fara zuwa wajen mai ɗori ya iso asibiti a makare. Karayar da fata ba ta fashe ba, ɗaya ko biyu cikin ɗari ke ruɓa bayan an sa ƙarfe. Mai mummunan rauni tana iya kaiwa kashi 30. Da zarar ƙwayoyin sun kama ƙarfe sun lulluɓe kansu da yauƙi, allura ba ta cika isa gare su ba, sai an ciro ƙarfen.

Abin da ya riga ya shiga asibitoci a Turai ya nuna hanyar. Akwai ƙusar ƙauri mai jentamaisin, amma rufinta na roba ne da aka haɗa, polilaktik. Akwai kuma DAC na Italiya, man hayaluronik asid da polilaktik, wanda ake kwaɓawa da magani a shafa wa ƙarfen a ɗakin tiyata, ya narke cikin kwana uku. Masu wannan sun kauce wa matsalar riƙo da ta tsarkakewa gaba ɗaya. Babu ɗayansu da ke maye gurbin wanke rauni da yanke mataccen nama.

Hajiya Zuwera, Sabon Zango (Accra)

Bayan abin da Dakta ya faɗa, 'yata, ƙila ba kya buƙatar jelatin ɗin sam, tunda aikinsa jawo ƙwayoyin ƙashi ne. Amma in mai duba aikinki ya nace, ki karanta kwalbar. Nau'in A yawanci daga fatar alade ne, an jiƙa da asid. Nau'in B daga fata da ƙashin shanu ne, an jiƙa da alli. Akwai kuma na fatar kifi, kuma karfasar tafkin Volta tana ba da fata mai yawa da ake zubarwa. Ki nemi takardar asalin dabbar daga mai sayarwa, hukuncin kuma ki kai wa malamai da takardar a hannu, don majinyata a unguwanninmu za su yi wannan tambayar.

Kowanne kika ɗauka, jelatin yana narkewa a digiri 37, na kifi ma tun ƙasa da haka, saboda haka sai an ɗaure shi. Jenifin yana kama shi tare da kitosan. Sinadaran ɗaurewa EDC da NHS ma suna yi, kuma ba sa zama cikin rufin, ana wanke su su fita. Ki fara da kashi ɗaya jelatin, uku kitosan, ki haɗa su da ɗumi wajen digiri 40 don kada jelatin ya daskare kafin ya gauraya. Yawan jelatin yana ƙara kumburi, kumburi kuma shi ne ke ɗaga rufi daga gefe, don haka ki auna nauyin samfurin a bushe da bayan awa 24 cikin ruwan gishiri a duk lokacin da kika canza ma'aunin.